Amsoshin Tambayoyinku: Ruwan Rijiya a Maƙwabtan Masana'antu

A wannan fitowar mun zaɓi wasiƙu biyar, dukkansu a kan ruwan rijiyoyi da burtsatsen da ke kusa da masana'antu. Mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su sami fili.

Tambaya: Gidana yana bayan wata unguwar masana'antu inda ake jimar fatu da rini da wanke ƙarafa. Ruwan burtsatsena garau yake, ba wari, ba wani ɗanɗano, amma maƙwabcina ya ce kada mu saki jiki da shi. Ashe ba ƙasa ce take tace ruwa kafin ya kai rijiya ba? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, kana da gaskiya a rabin maganar, maƙwabcinka kuma yana da gaskiya a ɗaya rabin, sai dai nasa rabin ne ya fi shafar lafiyar iyalinka. Ƙasa tana tace ruwa, babu musu. Yayin da ruwan sama yake nutsewa ta cikin yashi da tsakuwa, laka da dattin da ido ke gani suna maƙalewa a hanya, yawancin ƙwayoyin cuta kuma suna mutuwa idan tafiyar ta yi nisa. Shi ya sa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya zama abin dogaron jama'a, har rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya nuna cewa kusan rabin ruwan da ake amfani da shi a gidajen duniya daga can ake ɗebo shi. Amma abin da ya riga ya narke a cikin ruwa ba ya tsayawa don yashi ya matse. Ko ya tsaya ko ya wuce, halinsa na sinadari ne yake yanke hukunci.

Da farko a cire tunanin cewa akwai wani kogi da ke gudu a ƙarƙashin ƙasa. A mafi yawan wurare ruwan yana zaune ne a cikin ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsage-tsagen duwatsu, kamar yadda yake zama a cikin jiƙaƙƙen soso, kuma yana tafiya a hankali ƙwarai. Idan yana cin santimita 10 a yini, wanda ba baƙon abu ba ne, kafin ya ci kilomita guda sai ya shafe kusan shekara 27. Ma'anar wannan ita ce dagwalon da aka zubar tun kafin ka gina gidanka yana iya kasancewa yanzu ne yake isowa, kuma ruwan da aka gwada bara aka same shi lafiya ba lallai ne ya ci gaba da zama lafiya ba.

To, me yake tsayawa, me yake wucewa? Ƙwayoyin yumɓu suna ɗauke da cajin lantarki mai alamar ragi a fuskarsu, saboda haka suna janyo ƙarafan da suka narke masu caji mai alamar ƙari, irin su dalma da kadmiyom, su riƙe su. Tsatsar ƙarfen da ke lulluɓe da ƙwayoyin yashi ita ma tana yin wannan aikin. Wannan riƙon yana da iyaka, kuma yana kwancewa da zarar ruwan ya yi tsami. Idan masana'antar batir ko ta shafen ƙarfe ta zubar da asid, ma'aunin tsami na pH ya faɗi ƙasa da 5 ko 4, ƙarafan da ƙasa ta riƙe shekara da shekaru sukan sake narkewa su bi ruwa. Inda ƙasa take da dutsen farar ƙasa, yakan kashe kaifin asid ɗin na wani lokaci. Inda yashi ne zalla, babu mai tare shi. Su kuwa sinadaran da cajinsu na ragi ne, kamar naitiret da kulorayid, yumɓu ba ya kama su, suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da ruwan.

Tunda ka ambaci jima, sai na tsaya a kan kuromiyom, domin shi ne ya fi nuna yadda ƙarfe guda yake da hali biyu. Wanda majema na zamani suke amfani da shi shi ne mai lamba uku, ba ya narkewa sosai kuma yakan kwanta a ƙasa kusa da inda aka zubar. Mai lamba shida, wanda ake amfani da shi wajen shafen ƙarfe da hana tsatsa, yana narkewa sarai, yana ɗaukar caji na ragi, ya yi tafiya mai nisa, kuma shi ne mai guba, wanda aka tabbatar yana haddasa sankara ga masu shaƙarsa. Abin damuwar shi ne mai lamba uku yana iya rikiɗa ya koma mai lamba shida idan ya haɗu da ma'adinan manganis a cikin ƙasa. A garin Hinkley na jihar Kalifoniya a Amurka, kamfanin PG&E ya zuba ruwa mai ɗauke da kuromiyom mai lamba shida a tafkunan da ba a daɓe gindinsu ba tsakanin 1952 da 1966, ya nutse ya bazu zuwa rijiyoyin mutane, kuma sai a 1996 kamfanin ya amince ya biya diyyar dala miliyan 333. A yankin Kanpur na Indiya, inda majemu da masu sarrafa sinadarin kuromiyom suka yi yawa, an sami famfunan da ruwansu ke fitowa da launin rawaya-kore saboda shi.

Kafin ruwa ya canza launi haka, ya daɗe da wuce haddi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a maikurogiram 10 a kowace lita, asenik shi ma 10, kadmiyom 3, kuromiyom 50. Maikurogiram 10 a lita daidai yake da giram ɗaya a cikin lita 100,000, kuma babu ido ko harshen da zai iya gane wannan. Shawarata ita ce ka kai ruwan ɗakin gwaji, kuma ka karanta amsar ƙarshe a wannan shafin kafin ka je.

Tambaya: Ina da jariri da nake haɗa wa madara. Ina tafasa ruwan rijiyarmu, wani lokaci na sa alif ko maganin kulorin. Hakan ya wadatar? Daga wata uwa.

Amsa: Malama, abin da kike yi yana da kyau ta fuskar ƙwayoyin cuta, kada ki daina. Amma idan sinadarai ne suka gurɓata ruwan, bai wadatar ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Tafasawa ba ta kashe dalma ko asenik ko naitiret, domin ba masu rai ba ne. Ruwa ne yake tashi ya zama tururi, su kuma su zauna a cikin ragowar, ƙarfinsu ma ya ɗan ƙaru. Alif yana kwantar da laka ne, kulorin kuma yana kashe ƙwayoyin cuta ne. Naitiret ya fi zama barazana ga jarirai 'yan ƙasa da wata shida, saboda a jikinsu yana hana jini ɗaukar iskar oksijin yadda ya kamata, har leɓuna da fatar jariri su yi shuɗi. Iyakarsa miligiram 50 ce a lita. Dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa, kuma masana ba su san wani adadi nata da za a ce ba ya cutarwa ba. Matatar gawayi na musamman tana cire yawancin sinadaran mai da na wanke ƙarafa amma ba ta cire naitiret, ita kuwa na'urar da ke matsa ruwa ta cikin siririyar fata tana cire ƙarafa da naitiret, muddin ana sauya kayanta a kan kari. Har zuwa lokacin da za a gwada rijiyar, ki nemi ruwan da aka tabbatar da ingancinsa domin madarar jaririn, ko da sauran gidan za su ci gaba da wanki da na rijiya.

Tambaya: Ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne. An koya mana cewa wasu masana'antun da aka rufe shekara 30 da suka wuce har yau suna gurɓata ruwa. Tunda an daina zubarwa, daga ina gubar take ci gaba da fitowa? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, ka yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan fanni, kuma amsarta tana cikin ruwayen da ba sa gaurayuwa da ruwa. Kashi biyu ne. Akwai waɗanda ba su kai ruwa nauyi ba, wato fetur da dizal da kananzir, waɗanda idan suka yoyo daga tankin da aka binne ko bututun da ya fashe sukan sauka har su kai saman ruwan ƙasa, su shimfiɗu a kai. Duk lokacin da ruwan ya ɗago da damina ya sauka da rani, sai ya shafa man a jikin ƙasa sama da ƙasa, kuma kullum wani ɗan kaso na sinadarin benzin yana narkewa daga ciki. Benzin yana haddasa sankarar jini, iyakarsa kuma maikurogiram 10 ce a lita. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan ƙasar Ogoni ya sami tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙasa a Nisisioken Ogale, inda benzin da ke rijiyoyin da mutane ke sha ya ninka iyakar fiye da sau 900.

Kashi na biyu ya fi wuyar sha'ani, wato waɗanda suka fi ruwa nauyi. Babban misalinsu shi ne sinadarin TCE da ake wanke maiƙo daga jikin ƙarafa da shi, da ɗan'uwansa PCE na masu wankin tufafi ba da ruwa ba. Lita guda ta TCE tana da nauyin kusan kilo 1.46, saboda haka ba ya tsayawa a saman ruwa. Yana ratsa shi ya nutse, ya bi tsage-tsagen dutse, har ya tarar da shimfiɗar yumɓu ya taru a kanta. A can yake zama, ruwa yana wucewa ta kansa yana ɗiban kaɗan-kaɗan. Ka yi lissafin da kanka: iyakar TCE a dokar ruwan sha ta Amurka maikurogiram 5 ce a lita, ke nan lita guda tak ta isa ta kai kusan lita miliyan 290 na ruwa bakin wannan iyaka. Ganga ɗaya da ta tsiyaye a bayan wata ma'aikata tana iya ciyar da gurɓacewa tsawon rayuwar mutum. Bugu da ƙari, wani kaso yana shiga cikin yumɓun kansa a hankali, kuma ko an tsabtace yashin da ke kewaye, yumɓun yakan riƙa mayar da shi cikin ruwa shekaru bayan haka. A garin Woburn na Amurka an rufe rijiyoyin gwamnati biyu a 1979 bayan an gano waɗannan sinadarai a cikinsu, a daidai lokacin da iyaye ke ƙorafin yawaitar sankarar jini a tsakanin yaransu. A sansanin sojan ruwa na Camp Lejeune da ke Karolina ta Arewa, sojoji da iyalansu sun sha irin wannan ruwa tsakanin 1953 da 1987.

Kada ka manta da rawar ƙwayoyin halitta da ke zaune a cikin ƙasa, domin suna gyara kuma suna ɓatawa. Inda akwai oksijin suna cinye benzin, shi ya sa gurɓacewar fetur takan tsaya a wani ɗan nisa ta daina faɗaɗa. Amma garin cin man sukan ƙarar da oksijin ɗin, daga nan sai su koma kan tsatsar ƙarfe da manganis da ke jikin yashi su narkar da su, kuma duk asenik ɗin da tsatsar ta riƙe sai ya saku cikin ruwa. Ta haka ne za ka sami asenik a rijiyar da ke kusa da juji ko wurin da mai ya zuba, alhali babu wanda ya taɓa zubar da asenik a wurin. Haka nan inda babu oksijin, ƙwayoyin suna cire wa PCE da TCE kulorin ɗaya bayan ɗaya, kuma idan aikin ya tsaya a tsakiya abin da ke taruwa shi ne binil kulorayid, wanda ya fi iyayensa haɗari.

Akwai kuma dangin sinadaran PFAS, da ake sa wa a kumfar kashe gobara da kayan da ba sa jiƙewa, waɗanda haɗin kabon da fulorin da ke jikinsu yake da ƙarfin da ƙwayoyin ƙasa ba sa iya karya shi. A 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa iyakar biyu daga cikinsu, PFOA da PFOS, a nanogiram 4 a lita, wato kashi huɗu cikin tiriliyan.

Tambaya: Ni manajan wata masana'anta ne, kuma ina ganin ana yi mana rashin adalci. Duk abin da aka samu a rijiya sai a ce mu ne. Shin ƙasa da kanta ba ta da guba? Daga wani manaja.

Amsa: Ranka ya daɗe, tana da ita, kuma adalci ne a faɗi haka. Gurɓacewar ruwan ƙasa mafi girma da aka sani ba daga masana'anta ta fito ba. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin famfo tun daga shekarun 1970 domin a raba mutane da ruwan tafki mai kawo gudawa, sai a farkon shekarun 1990 aka gano cewa da yawansu suna ɗauke da asenik daga lakar da koguna suka shimfiɗa, kuma mutane miliyoyi masu yawa sun sha. Fulorayid da ya wuce miligiram 1.5 a lita, mai ɓata haƙora da ƙasusuwa, daga duwatsu yake fitowa a yankuna da dama na Indiya da gabashin Afirka. Naitiret kuwa sau da yawa daga masai da takin gona ne.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma ana iya bin sawu a gano mafarin. Ana haƙa rijiyoyin sa ido a gefen da ruwan ƙasa yake shigowa harabarku da kuma gefen da yake fita. Idan ya shigo da tsabta ya fita da gurɓacewa, magana ta ƙare. Wasu sinadaran ma da kansu suke ba da shaida, domin babu dutsen da ke fitar da PFAS ko PCE. Abin da nake gani shi ne mai masana'antar da ya yarda da kansa shi ya fi kowa buƙatar waɗannan rijiyoyin, kuma ya kamata ya gwada ruwan tun kafin ya fara aiki, ya ajiye sakamakon, ya bar maƙwabta su gani. Wanda ya zuba dagwalo a ramin da ba a daɓe ba, ko ya tura shi cikin tsohuwar rijiya domin ya huta da kuɗin tacewa, ya ɗora wa mutanen da ba su ci ribar kasuwancinsa ba nauyin da ba nasu ba, kuma rashin gwaji ba zai wanke shi ba.

Tambaya: Mu 'yan kwamitin unguwa ne. Wasu sun ce mu haƙa burtsatse mai zurfi mu huta, wasu sun ce a fara gwaji. Wanne ya dace, kuma ana iya tsabtace ruwan da ya riga ya gurɓace? Daga sakataren wani kwamiti.

Amsa: Malam sakatare, a fara da gwaji. Zurfi yana taimakawa ne kawai idan akwai shimfiɗar yumɓu mai kauri tsakanin ruwan sama-sama da na can ƙasa, kuma aka toshe kewayen bututun da siminti daga sama har ya wuce wannan shimfiɗar. Idan mai haƙa ya yi ha'inci a nan, burtsatsen da kansa zai zama hanyar da gurɓataccen ruwa zai bi ya gangara ya ɓata mai kyau, kuma inda akwai sinadarai masu nutsewa irin TCE haɗarin ya fi yawa. Haka kuma famfo mai ƙarfi yana janyo ruwa daga kowane gefe, don haka yana iya karkato da gurɓacewar da da za ta wuce ku.

Wajen gwajin, kada ku ce a duba ko ruwan yana da kyau kawai, domin ɗakin gwaji abin da aka tambaye shi yake nema, kuma gwajin da aka saba yi na ƙwayoyin cuta ne da gishiri. 'Yar na'urar hannu da ake tsomawa ta nuna lamba, jimillar gishirin da ya narke take aunawa, ba ta ganin dalma ko benzin a adadin da suke cutarwa. Ku fara da sanin abin da masana'antun ke sarrafawa, na yanzu da waɗanda aka rufe: majema da masu shafen ƙarfe a nemi kuromiyom, har da mai lamba shida daban, masu batir da narka ƙarfe a nemi dalma da kadmiyom, ma'ajiyar mai a nemi benzin, masu wanke injuna a nemi TCE da PCE. A bar famfo ya yi gudu na ɗan lokaci kafin a ɗiba, domin a sami ruwan ƙasa na ainihi. A karɓi kwalabe daga ɗakin gwajin, saboda na ƙarafa akan sa musu ɗigon asid, na sinadarai masu tashi kuma ana cika su maƙil ba tare da kumfar iska ba, a ajiye cikin sanyi a kai da wuri. A gwada rijiyoyi da yawa a rana guda, a maimaita da rani da damina, a rubuta wuri da kwanan wata, domin irin wannan takarda ce hukumar muhalli ko kotu za ta iya aiki da ita.

Tsabtacewa tana yiwuwa, amma da tsada da jinkiri. Bayan abin da ya faru a Love Canal a jihar New York, inda aka kwashe iyalai a 1978 daga unguwar da aka gina a gefen ramin da aka binne sharar sinadarai, Amurka ta kafa dokar Superfund ta tsabtace wuraren da sharar sinadarai ta gurɓata a 1980, kuma wurare da yawa da aka fara aiki a kansu tun wancan zamani ba a gama ba. Tsohuwar hanya ita ce a zuƙo ruwan a tace shi a sama, wadda take hana gurɓacewa yaɗuwa amma ba kasafai take ƙarar da ita ba. Akwai kuma katangar garin ƙarfe da ake binnewa a kan hanyar ruwan, irin wadda aka yi a garin Elizabeth City na Amurka a 1996, inda ƙarfen yake mayar da kuromiyom mai lamba shida zuwa mai lamba uku ya kuma wargaza TCE yayin da ruwan ke ratsawa. A ƙasar Ogoni, rahoton 2011 ya ƙiyasta cewa farfaɗo da muhallin zai ci shekara 25 zuwa 30. Saboda haka idan gwajinku ya nuna matsala, ku nemi abu biyu a lokaci guda daga hukuma da masu masana'antar: a toshe mafarin zubar nan take, kuma a samar wa gidajen da abin ya shafa wani ruwan sha tun yanzu, ba sai an jira ƙarshen aikin tsabtacewa ba.